Tsofaffin Injinan Lissafi a Kasuwar Gwanjo

A ranar 19 ga watan Nuwamba na shekarar 2025 ne kamfanin gwanjon nan na Christie's ya shirya sayar da wani ɗan akwatin tagulla, wanda tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, a birnin Faris na ƙasar Faransa. Dillalan kamfanin sun ƙiyasta cewa za a saye shi tsakanin Yuro miliyan 2 zuwa miliyan 3, kuma hukumar al'adu ta ƙasar ta riga ta ba da takardar izinin fita da shi waje, in har baƙo ne ya yi nasarar taya shi. Amma ba a kai ga buga ƙararrawa ba. Ana gobe za a yi gwanjon, sai wata kotu a Faris ta dakatar da wannan izini na wucin gadi, bayan da wasu masana da ƙungiyoyin kare kayan tarihi suka shigar da ƙara, daga nan kamfanin ya janye akwatin daga kasuwa. Wannan akwati kuwa ɗaya ne daga cikin injinan lissafin da Blaise Pascal ya soma ƙerawa a shekarar 1642, waɗanda guda tara kacal aka san sun rage a duniya.

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan kotu da cinikin da mai kaya ya sallama, masu saye kuma suka zo da kuɗinsu? Tambayar tana da nauyi, kuma ba za a iya amsa ta ba sai an san abin da ke cikin akwatin.

Pascal bai cika shekara 20 ba lokacin da ya fara wannan aiki a garin Rouen, inda aka tura mahaifinsa ya daidaita lissafin haraji. Kuɗin Faransa na wancan zamani ba a bisa goma-goma yake ba. Duk wanda ya riski zamanin fam da sule da kwabo a Nijeriya, kafin a koma Naira a 1973, ya san irin wannan wahala: kwabo 12 ne sule guda, sule 20 ne fam guda. Haka nan tsarin kuɗin Faransawa yake, sunayen ne kawai suka bambanta. Don haka sai Pascal ya jera faya-fayai masu haƙora irin na cikin agogo, wani mai mataki 12, wani mai 20, saura masu goma-goma, kowane faifai yana wakiltar gurbi ɗaya na lamba. Wanda aka so sayarwa a Faris ma ya fita daban, domin na masu safiyo ne, da ma'aunin tsawo na wancan lokaci yake lissafi, kuma shi kaɗai ne irinsa a cikin taran.

Jera faya-fayan ba shi ne aikin ba. Inda gizo ke saƙar shi ne abin nan da ake koya wa yara a firamare, wato in tarawa ta kai goma, a rubuta sifiri a riƙe ɗaya a kai shi gurbi na gaba. Yaro yana riƙe wannan ɗayan a ka. To yaya ƙarfe zai riƙe shi? In aka sarƙe faya-fayan kai tsaye, duk lokacin da aka ƙara 1 a kan 99999, dole ne ƙarfin yatsa ɗaya ya juya faya-fayai shida a lokaci guda, kuma nan take injin zai cije. Dabarar Pascal ita ce ya sanya wani ɗan ƙarfe mai nauyi a tsakanin kowane faifai da maƙwabcinsa. Yayin da faifai ke tafiya zuwa 9, yana ɗaga wannan ƙarfe sannu a hankali. Da zarar ya tsallaka daga 9 zuwa sifiri sai ƙarfen ya faɗo da nauyin kansa, ya tunkuɗa faifai na gaba mataki ɗaya. Ke nan kowane faifai ya tanadi ƙarfin da zai miƙa wa na gaba tun kafin a buƙace shi. Ɗalibin fiziks zai gane wannan da tanadin ƙarfi ta hanyar ɗaga nauyi.

Wannan dabara ta zo da nata cikas: faya-fayan ba sa komawa baya, saboda haka injin ba ya ɗebewa kai tsaye. Sai aka bi ta bayan gida, aka mai da ɗebewa ta zama tarawa. Alal misali, a ce ana so a ɗebe 285 daga 732. Sai a nemi abin da zai cika kowace lamba ta 285 ta zama tara: 2 na buƙatar 7, 8 na buƙatar 1, 5 na buƙatar 4, wato 714. A tara 732 da 714, a sami 1446. A cire 1 ɗin da ke farko a ƙara shi a kan ragowar 446, sai a sami 447, wanda shi ne amsar. Ya kamata ɗalibi ya ɗauki fensir ya gwada da wasu lambobin, domin ƙanwar wannan hanya ce kwamfutar zamani ke bi wajen ɗebewa, illa dai ita da sifiri da ɗaya kawai take aiki. Bambancin shi ne a cikin akwatin Pascal ana ganin abin da ido, ana jin ƙarar faɗuwar ƙarfen da kunne, a cikin kwamfuta kuwa komai ya ɓuya a ƙwayar da ba ta kai farce girma ba.

Bayan Pascal an yi ta ƙere-ƙere har tsawon shekaru 300. Leibniz na Jamus ya nuna wa masana a Landan samfurin injin da ke yin sau da rabawa a 1673. Thomas de Colmar na Faransa ya yi rajistar nasa a 1820, kuma shi ne na farko da ya shiga kasuwa sosai. Sai Odhner, da Brunsviga, da Facit na ƙasar Suwidin, waɗanda suka cika bankuna da ofisoshin akantoci a duniya. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne Curta, wanda ake riƙewa a tafin hannu ana murza kansa. Curt Herzstark ya kammala zanensa yana fursuna a sansanin Buchenwald na 'yan Nazi, aka kuma ƙera kimanin guda 140,000 a ƙasar Liechtenstein kafin a daina a farkon shekarun 1970. Ilimin halittu ma ya ci moriyar waɗannan injina fiye da yadda ɗalibansa suka sani. Lokacin da Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya tarar da alkaluman amfanin gonar alkama da ake tarawa tun 1843, kuma da wani ƙaton injin hannu mai suna Millionaire ya riƙa tatsar ma'ana daga cikinsu. Daga wannan aiki ne hanyar ƙididdigar da ake kira ANOVA ta bunƙasa, wadda duk mai gwajin taki ko iri yake amfani da ita. Da ƙaramin kalkuleta mai batir ya bayyana kuwa, cikin 'yan shekaru kaɗan wannan sana'a gaba ɗaya ta mutu, aka tura injinan sito ko juji.

Abin da aka zubar jiya shi ake rububi a gidajen gwanjo. A watan Mayu na 1993 an kawo wani injin tagulla mai siffar gwangwani, wanda Johann Christoph Schuster ya kammala a 1822, gaban masu taye a Landan. Ba a yi tsammanin zai wuce fam 20,000 ba, amma da mutum biyu suka kafe a kansa sai da farashin ya kai fam miliyan 7.7. Wanda ya yi nasarar bai biya ba, cinikin ya warware, daga baya injin ya samu masauki a gidan tarihin lissafi na Arithmeum da ke Jami'ar Bonn. Kwamfutocin farko na gida su ma sun bi sahu. Apple-1, wadda Steve Wozniak ya tsara a 1976, allon lantarki ce tsurarta, ba akwati, ba madannai, ba gilashin kallo, kuma ma'ajiyarta ba ta ɗaukar fiye da haruffa kimanin 4,000. Kusan guda 200 aka yi, ana sayar da kowace a kan Dala 666.66. A watan Oktoba na 2014 gidan tarihi na Henry Ford da ke Amurka ya sayi guda ɗaya a gwanjon kamfanin Bonhams a kan Dala 905,000.

To me waɗannan alkaluma suke aunawa? Ƙarancin kaya, da shaharar sunan da ke jikinsa, da kuma taurin kan mutum biyu masu kuɗi a rana ɗaya, kamar yadda labarin Schuster ya nuna. Ba sa auna yawan ilimin da ke cikin injin. Altair 8800, wadda ta fito a farkon 1975, ta riga Apple-1, kuma dominta ne Bill Gates da Paul Allen suka rubuta manhajar da ta haifi kamfanin Microsoft, amma da yake an yi ta da yawa, farashinta bai kama ƙafar na Apple-1 ba. Injin Facit na hannu kuwa, wanda ya fi su duka saukin koyarwa a aji, da wuya ya samu shiga babban gidan gwanjo.

Duk da haka, adalci ne a ba masu tara waɗannan kaya haƙƙinsu, domin sau da dama su ne suka tsare abin da hukumomi suka yi sakaci da shi. Injin Leibniz da ya rage a duniya ya shafe kusan shekaru 100 a yashe a saman rufin wani gini na Jami'ar Göttingen, sai a ƙarshen shekarun 1870 aka yi kiciɓis da shi. Jami'a ce fa, ba gidan jahili ba. Kamfanin Apple da kansa ya riƙa karɓar Apple-1 daga hannun mutane a musanya da sabon samfuri, yana lalata waɗanda aka mayar. Waɗanda suka tsira, a hannun masu sha'awa suka tsira, mutanen da suka riƙa bin kasuwannin tsofaffin kaya tun lokacin da ake musu kallon masu tara tarkace. Tsadar ma tana da ranarta. A 2015 wata mata a jihar Kalifoniya ta kai kwalayen tsofaffin kayan lantarkin mijinta da ya rasu wurin masu sarrafa shara, ta tafi ba ta bar suna ba. Da ma'aikatan suka buɗe sai ga Apple-1, suka sayar da ita Dala 200,000, suka shiga cigiyar matar don su ba ta rabi. Ba don labarin farashin ya bazu ba, da an farfasa allon an kwashe ɗan ƙarfen da ke jikinsa.

Sai dai tsare abu daga lalacewa rabin aiki ne. A nan tsarin masana ilimin halittu zai taimaka wajen fahimtar sauran rabin. In masani ya gano sabon nau'in tsiro ko ƙwaro ya raɗa masa suna, ƙa'ida ita ce ya ajiye ainihin samfurin da ya dogara da shi a ma'ajiyar da kowane mai bincike zai iya zuwa ya duba, tare da takardar da ke nuna inda aka samo shi, da ranar, da wanda ya samo. Dalili shi ne na baya yana iya zuwa da tambayar da na farko bai taɓa tunaninta ba, ko da na'urar da ba a ƙirƙiro ba a zamaninsa. Busasshen ganyen da aka manna a takarda shekaru 150 da suka wuce, yanzu ana ciro ƙwayoyin gadonsa a karanta. Samfurin da ya rabu da takardarsa kuwa, ko aka kulle shi inda ba mai ganinsa, ya fita daga hannun kimiyya ko da bai yi ƙwarzane ba. Wannan ne ya sa masu nazarin ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare suka yi ta kuka lokacin da aka sayar da ƙwarangwal ɗin wani dainoso a kan Dala miliyan 31.8 a 2020, aka kuma sayar da wani a kan miliyan 44.6 a 2024. Da yawa daga cikin mujallunsu ba sa buga bincike a kan samfurin da ke hannun mutum ɗaya, saboda babu tabbacin wani zai samu damar sake duba shi.

Tsohon injin lissafi ma samfuri ne, kuma akwai tambayoyin da zane a takarda ba ya amsawa. An daɗe ana cewa Charles Babbage ya kasa kammala manyan injinansa ne saboda maƙeran Ingila na ƙarni na 19 ba za su iya yanka ƙarfe daidai yadda ake buƙata ba. Ma'aikatan gidan tarihin kimiyya na Landan sun auna ɓangarorin da aka ƙera masa tun yana raye, suka gano iyakar ƙwarewar maƙeran wancan lokaci, sannan suka gina injinsa na biyu ba tare da sun zarce wannan iyaka ba. A 1991 aka murza hannunsa, ya yi lissafi daidai har zuwa lambobi 31. Da waɗancan ɓangarori sun watsu a falon attajirai daban-daban, da har yanzu ana nan ana maimaita tsohuwar magana.

Abin da ya faru a birnin Seattle na Amurka ya fi nuna inda haɗarin yake. Paul Allen ya kafa wani gidan tarihi mai suna Living Computers, wanda aka buɗe wa jama'a a 2012, inda ba a sa kwamfutoci a bayan gilashi: injiniyoyi ne ke gyara su suna aiki, ɗalibi ya zauna ya danna da hannunsa, ya ga yadda ake ba na'urar 1970 umurni. Allen ya rasu a 2018. An rufe gidan a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, a 2024 aka sanar da cewa ba za a sake buɗe shi ba. A watan Satumba na wannan shekarar aka kai zaɓaɓɓun kayan gwanjo, inda wata Apple-1 ta kawo Dala 945,000. Kuɗin ya tafi ayyukan jinƙai kamar yadda mamacin ya yi wasiyya, wani kaso na kayan kuma ya koma wasu wuraren adanawa. Babu wanda ya karya doka. Amma abin da ya fi kowace na'ura daraja a gidan, wato haɗuwar injinan da manhajojinsu da littattafansu da ƙwararrun da suka san ciwon kowannensu a ƙarƙashin rufi ɗaya, shi ba a iya sa masa lamba a jerin kayan gwanjo, kuma shi ne ya salwanta. Kwamfuta ta fi injin tagulla rauni a nan, domin batirinta na zubar da ruwan da ke cinye allo, robobinta na narkewa, bayanan da ke cikin kaset da faifai kuma suna gogewa da kansu.

Saboda haka kotun Faris ta yi daidai da ta ce a dakata. Masu cewa ai akwai huɗu daga cikin injinan Pascal a gidan tarihin fasaha na Faris, biyu kuma a Clermont-Ferrand inda aka haife shi, sun manta cewa na safiyon ba shi da na biyu. Masu kukan an tauye mai kaya kuma su duba dokar ƙasar: in an ayyana abu a matsayin dukiyar ƙasa, ana hana fita da shi na tsawon watanni 30 ne, domin hukuma ta samu damar taya shi a kan farashin kasuwa. Ba ƙwace ba ne. Hasali ma abin zargi a wannan lamari shi ne hukumar da ta sa hannu a takardar izini tun farko, har sai da masana suka garzaya kotu. Ba kuwa zaman injin a Faransa ne muhimmin abu ba. Da gidan tarihin wata ƙasa ne zai ɗauke shi ya buɗe wa masu bincike, da asarar ba ta da yawa. Matsalar gwanjo ita ce ba ya tambayar mai saye abin da zai yi da kayan, sau da yawa ma ba a bayyana sunansa.

Malamin sakandare a ƙasar nan ba shi da ta cewa a cinikin miliyoyin Yuro, amma akwai gwanjon da ke kusa da shi. Ma'aikatu da bankuna da makarantu sukan yi gwanjon kayan da suka daina aiki, abin da ba a taya ba kuma ya faɗa hannun 'yan gwangwan, waɗanda a kan sikeli suke sayensa. A cikin irin wannan tarkace ne injinan lissafi na hannu da tafireta da kwamfutocin shekarun 1980 suke ƙarewa. Babu ɗayansu da zai mai da kowa attajiri, kuma gara haka, domin abin da ba shi da tsada shi ake iya cire wa murfi a gaban ɗalibai 40 a murza hannunsa, su ga ɗayan nan da ake riƙewa yana tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi.

Makarantar da ta samu irin wannan injin, abu na farko shi ne ta rubuta takardarsa kamar yadda ake yi wa samfurin tsiro: sunan kamfani, lambar da aka buga a jikinsa, ofishin da ya yi amfani da shi, aikin da aka yi da shi, da shekarar da aka ajiye shi, tun tsofaffin ma'aikatan da suka san amsar suna raye. Kada a kankare lambar ofishin da aka rubuta da fenti, kada a jefar da littafin da ya zo da shi. In hannun injin ya cije kada a tilasta shi, yawanci tsohon mai ne ya daskare a tsakanin haƙoran, kuma mai gyaran agogo ko keken ɗinki zai iya wanke shi. Tsohuwar kwamfuta kuwa ba a jona ta da wuta a ranar da aka same ta. A fara buɗe ta a cire batirin da ke kan allo, a sa mai gyaran rediyo ya duba sashen da ke karɓar wuta, a kuma tabbatar ko ta 110 ce ko ta 230, domin waɗanda aka shigo da su daga Amurka da ƙaramar wuta suke aiki.